Akwati Marar Fuska

Mukarrama ta tura hannu bayan buhunan masara har kafaɗa, ta laluba, ta sake lalubawa. Babu. Wayoyi biyu ne kawai suke reto daga jikin batirin sola, sai wani fili mai kusurwa huɗu a ƙasa inda siminti ya fi na kewaye haske.

"Tanko!"

Ƙanenta ya leƙo ƙofar ɗakin ajiyar, hula a ƙeya, ƙaiƙayin masara duk a gemunsa.

"Na'am, Yaya."

"Ina akwatin da na ajiye a nan?"

"Wane akwati kuma?"

"Baƙi, na ƙarfe. Kwamfuta, Tanko, kwamfuta!"

"Au, wannan mushen? Ai ranar da muka kwaso masara na fitar da shi, wuri kawai yake ci a banza. Mai gwangwan ya zo wucewa na ba shi. Har robar wanki ya ba Hafiza, sabuwa fil."

Ta zauna daɓas a kan buhu. Da za ta buɗe baki a lokacin, abin da zai fito ba mai daɗin ji ba ne, don haka ta haɗiye shi, sai innalillahi kawai take nanatawa.

Sau nawa ta yi musu bayani a gidan nan? Har bakinta ya gaji. Waƙar Inna ba a cikin 'yar sifikar take ba, sifika baki ce kawai. Amma ina! Mutanen gidan, Allah ya shirye su, sifikar suka ɗauka ita ce komai. Sun ɗinka mata riga da ragowar atamfa, sun ɗora ta saman jeren kwanukan Inna, yaro ya kuskura ya taɓa ta ya sha rankwashi. Akwatin kuwa, tun da ba shi da allo, ba ya nuna hoto, ba ya ko tari sai wata 'yar koriyar wuta da ke ƙiftawa, sai suka sa shi cikin tarkacen Malama.

Mukarrama ke koyar da kwamfuta a wata makarantar 'yan mata a Makarfi. Akwatin nan tsohuwar kwamfuta ce da makarantar ta yar, ta roƙa aka ba ta. Da yake injin ya tsufa, solar gidan kuma ba ta da ƙarfi, sai ta kwashe duk wani abu mai hoto da ado ta bar rubutu zalla, ta sa mata manhajar kiɗa guda ɗaya. Da an ba ta wuta sai ta tashi da kanta, ta tura sauti ta wayifai zuwa ɗakin Inna. Idan tana buƙatar gyara, daga Makarfi Mukarrama ke shiga cikinta da wayarta, ta rubuta mata umarni a baƙin allo. Da ta nemi shiga shekaranjiya ta kasa, sai ta ɗauka sabis ne ya ɗauke, kamar yadda ya saba yi a Malikanchi. Su kuma a gida suka ɓoye mata, suka kwashi sifika mai lafiya suka kai wa mai gyara a Ikara ya farke ta bai ga komai ba. Sai da safen nan Hafiza, matar Tanko, ta kira ta tana kuka.

Ta miƙe ta shiga ɗakin Inna.

Inna Zulai na kwance a kan katifa, leɓenta ya tsattsage. Tun bara da ɓarin jikinta ya shanye magana ta ɗauke mata ɗungurum, haƙora kuma suka riƙa datsewa, ko ruwa sai an yi da gaske. Abu ɗaya ne ke buɗe bakin nan. Wani tsohon kaset ne da marigayi Malam Lawal, mahaifinsu, ya ɗauka da rediyonsa ranar dakan bikin ƙanwarsa, lokacin Inna na da ƙuruciyarta, ita ke ba da waƙa mata na amsawa, taɓare na sauka. Da ta ji shi sai leɓe ya fara motsi, ta shiga amsawa tare da matan, muƙamuƙi ya saki, Hafiza ta samu ta zura cokalin kunu. Kaset ɗin kansa gara ta cinye shi tuni. Kwafin da ke tsohuwar wayar Mukarrama ya tafi da wayar ranar da aka zare ta a kasuwa. Abin da ya rage a duniya yana cikin akwatin da aka musanya da robar wanki.

"Sannu, Inna. Ya jikin?"

Idanun tsohuwar suka bar fuskarta suka tafi kan sifikar da aka ajiye mata a gefen filo, suka dawo kanta.

Hafiza na durƙushe da kofin kunu da ya huce har ya yi fata. "Yaya, ko ɗigo. Sista Diana, ma'aikaciyar jinyar nan, ta zo da safe. Ta ce idan rana ta yi sanyi ba ta haɗiyi komai ba, za ta zo da mota a kai ta asibiti a sa mata robar hanci ta ba da abinci."

Robar hanci. Wancan karon da aka sa mata, fizge ta ta yi har jini ya wanke mata wuya, sai da aka ɗaure hannunta mai lafiya a jikin gado da bandeji. Irin kallon da ta yi wa Mukarrama a ranar har yanzu bai bar ta ba. A bakin gadon ta sunkuya ta yi mata alkawari a kunne cewa ba za a ƙara ba.

Ta fito tsakar gida tana gyara hijabi. Tanko na tsaye jikinsa duk ya yi sanyi.

"Wallahi, Yaya, ban san..."

"Mai gwangwan ɗin, ina yake kai kayansa?"

"Wajen Inuwa, bayan tasha a Ikara. Bari in ɗauko mashin."

"Zauna nan kusa da uwarka. Ka riƙe waya a hannu, kada ka kuskura ta mutu."

Ɗan acaba ya sauke ta a bakin filin Inuwa rana ta fara zafi. Tsofaffin langa-langa, gwangwanayen madara, ƙafafun keken ɗinki, duk an jibge su tsibi-tsibi. Inuwa, wani dattijo mai furfura a gemu, yana zaune kan tayar mota yana shan rake hankalinsa kwance.

Ta yi sallama ta rusuna. Ya tambaye ta gida, ta ce lafiya. Ya tambayi maigida, ya tambayi yara, ya tambayi aiki, ya tambayi gajiyar hanya, ya dawo ya tambayi yadda aka ji da kaka. Duk ta amsa ɗaya bayan ɗaya a gaggauce. Sai da ya tofar da tukar rake sannan ya ce, "To, madalla. Me aka kawo mana?"

"Baba, nema na zo yi. Wata kwamfuta aka sayar wa yaronku a Malikanchi bisa kuskure."

"Mai talabijin ko marar talabijin?"

"Marar."

"To ai wannan ƙarfe ne, 'yata, ba kwamfuta ba."

"Baba, maganin mahaifiyata yana ciki."

Ya dube ta da kyau, ya ga ba wasa a fuskarta, sai ya ajiye raken. "Magani a cikin ƙarfe? To, Allah ya kyauta. Ni kayan wuta ba na haɗa su da sauran. Akwai wani Meshach a Makarfi, mai gyaran rediyo, shi ke zuwa ya kwashe ya tsinci abin da zai tsinta. Jiya da yamma ya zo."

Makarfi! Daga can ta taso da sassafe, ashe akwatin a bayan gidanta ya kwana. Ta yi godiya a tsaitsaye ta juya, tana jin Inuwa na bin ta da Allah ya ba da lafiya.

Motar Makarfi sai da ta cika maƙil kafin direba ya ga damar tayarwa, sannan ya riƙa tsayawa a kowane ƙauye ana ɗora buhun barkono ana saukewa. Mukarrama na matse tsakanin wata mai goyo da ƙofa, ta buɗe wayarta ta sake gwada kiran akwatin, ko da ta san aikin banza ne. Baƙin allon ya yi shiru, ya yi shiru, sannan ya ce ba a sami hanya ba.

Meshach ya san ta, 'yarsa Bernice a ajinta take. Yana ganin ta ya miƙe daga cikin tarin rediyoyi da fankoki yana goge hannu a wando.

"A'a, Malama da kanta! Lafiya? Ko yarinyar nan ta yi wani abu?"

Ta gaya masa abin da ya kawo ta, ta kwatanta akwatin: baƙi, an manna masa hoton fure a gefe, akwai wani ɗan abu kamar ƙwayar gyaɗa a maƙale a bayansa.

"Na gan shi mana! Har na jona shi da allo na gwada. Malama, wannan ai ya riga ya mutu. Ba hoto, ba kibiya, ba komai. Rubutu ya yi ta gudu fari a kan baƙi, sannan ya tsaya, wani ɗan layi yana ta ƙifta ido. Na jira, na jira, ko motsi. Na ce kansa ya ƙone."

Ta dafe kai da hannu biyu. "Baban Bernice, lafiyarsa ƙalau ke nan! Sunana yake tambaya! Jira yake a rubuta masa suna!"

Bakinsa ya buɗe. "Kai! Haka ake yinsa?"

"Haka na yi shi. Yana ina?"

Ya kau da kai yana sosa ƙeya. "Wanda ba ni da amfani da shi nakan tura wa Salman a Kudan. Da safe motarsa ta zo ta kwashe. Shi kuma yau yake lodin Kano." Ya rage murya. "Kafin su loda sukan bi kaya da guduma, don su kwanta."

Ta kama bakin teburinsa. Meshach ya lalubo lambar Salman ya kira, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ya sake kira, haka. Sai ya fizgo wata wayar wuta daga jikin ƙusa ya cusa mata a hannu, ya fita titi da gudu ya tsayar mata da ɗan acaban da ya sani.

"Kudan, wajen Salman mai gwangwan. Kada ka tsaya ko'ina. Malama, ki yafe ni, wallahi ban sani ba."

"Ba kai kaɗai ba ne," ta ce, ta hau.

Suka tsallaka babban titin Kano, suka bi hanyar da motocin rake suka farfasa. Gonakin rake hagu da dama, hayaƙin masu dafa mazarƙwaila na tashi can nesa. Azahar ta same su a hanya, ta roƙi ruwa a ƙofar wani gida ta yi salla a gaggauce, ita kanta ba za ta ce ga abin da ta karanta ba. Tana sallamewa wayarta ta yi ƙara. Tanko ne.

"Yaya, an samu?"

"Ina hanya. Ya take?"

"Ta daina buɗe ido sosai."

Tun kafin su iso filin Salman ta fara jin gudumar. Wata babbar mota na tsaye an cika ta fiye da rabi, 'yan lodi majiya ƙarfi sun tuɓe riguna, wasu na duka wasu na jifa sama. Ta sauka tun mashin bai gama tsayawa ba.

"Ku tsaya! Don girman Allah ku tsaya!"

Gudumomi suka tsaya a sama. Duk suka juyo suna kallon wannan mata mai hijabi har ƙasa da ta faɗo musu fili tana ihu. Wani kakkauran mutum ya taso daga gefen sikeli, waya a aljihun gaba, fuska ba walwala.

"Hajiya, lafiya? Ni ne Salman."

A wannan karon ko gaisuwar kirki ba ta iya yi ba. Ta zayyana masa komai a dunƙule: uwa, kunu, roba, akwati. Ta ce ko nawa ne za ta biya.

"Ki bar maganar biya. Kayan Meshach ga su can, ba mu kai kansu ba tukuna, amma daga kan mota aka juye su. Mu kuma kafin magariba za mu tashi. In kin gan shi, naki ne."

Tsibin ya fi ta tsawo. Ta naɗe hijabi ta ɗaure a ƙugu ta hau. Murfin firji, bayan talabijin, injin fanka, tukunyar gas da ta huje, tana ɗagawa tana jefarwa. Wani langa-langa ya yanke ta a tafin hannu, ta dubi jinin ta ci gaba. 'Yan lodin suka tsaya kallo, wani ya ce wa ɗan'uwansa ko zinariya aka ɓoye a ciki, aka yi dariya. Daga baya biyu daga cikinsu suka gaji da kallon suka hau suna taya ta.

A ƙarƙashin wani tsohon injin markaɗe ta hango furen.

Gefensa ɗaya ya lotsa ciki kamar an taka gwangwani, murfin gaba ya tafi. Ta rungumo shi ta sauko da shi a ƙirji, ta juya bayansa. Ɗan abin wayifai yana nan a maƙale. Alhamdulillahi.

"Wuta. Ina za a sami wuta?"

Salman ya sa aka tayar da ƙaramin janaretan da suke yankan ƙarfe da shi. Ta ɗora akwatin a kan wata ganga, ta jona wayar da Meshach ya ba ta, ta yi bisimilla ta danna. Fanka ta yi ƙugi, ta tsaya, ta sake juyawa. Koriyar wutar ta kawo.

"To, ina fuskarsa?" in ji wani ɗan lodi. "A ina za a gani?"

"Ba shi da fuska."

"Ikon Allah. Kamar aljani."

Ba ta kula shi ba. Ta kunna wayifai ɗin wayarta, wanda tun farko ta koya wa akwatin ya riƙa nema in bai sami na gida ba. Ta zuba wa wayar ido. Daga cikin akwatin wani sauti ke fitowa da ba ta taɓa ji ba, ƙas, ƙas, ƙas, kamar ana taɓa faranti da farce. Faifan ajiya ne, ya bugu. Ta san abin da wannan ƙarar take nufi.

Can sai ga sunan akwatin ya bayyana. Ta buɗe baƙin allo ta rubuta sunanta da kalmar sirri, ta yi kuskure ta sake. Ya buɗe mata. Ta nemi jerin abin da ke ciki, ya daɗe yana tunani kafin ya kawo. Ga karatun Alƙur'ani, ga tsofaffin waƙoƙin da Malam ke so, ga shi nan a ƙasa: dakan Inna.

Abin da hankali zai ce shi ta fara yi. Ta rubuta umarnin a kwafo shi zuwa wayarta. Lambobi suka fara hawa a hankali, suka hau, suka hau, suka cije. Ƙas, ƙas, ƙas. Allon ya daskare. Fanka ta yi shiru, koriyar wutar ta mutu ta sake kawowa. Akwatin ya kashe kansa ya tashi, abin da aka fara kwafa kuma ya bi ruwa.

"Ya Allah. Ya Allah, kada ka yi mini haka."

Wannan tashin ya fi na farko daɗewa nesa ba kusa ba. Inuwar motar ta miƙe har ta rufe gangar. Direba ya zo ya yi wa Salman magana a kunne, Salman ya ɗaga masa hannu. Wayarta ta fara ƙara a hannunta, Tanko ne, ta ɗauka a fusace.

"Kada ka ƙara kiran wannan layin, aiki nake da shi!"

"Yaya, Sista Diana ta iso da mota. Ta ce ba za ta iya ƙara jira ba, jikin ya bushe da yawa."

Ta rufe ido. "Ka roƙe ta. Ka ce ni na roƙe ta ta zauna. Yanzu zan kira ka da wata lamba."

Ta juya ga Salman, ba ta ma yi magana ba ya zaro wayarsa ya miƙa mata. Sunan akwatin ya dawo. Ta shiga. Ta san faifan nan ba zai ƙara tashi karo na uku ba, ta san shi kamar yadda ta san sunanta. Idan ta sake matsa masa da kwafi zai iya bayarwa, zai iya mutuwa a hannunta ba tare da kowa ya ji komai ba. Idan kuwa ta bar shi ya karanto a hankali, kamar yadda ya saba kullum, wataƙila ya ɗan ja. Ɗan layin nan yana ta ƙiftawa yana jiran ta.

Ta share umarnin kwafi da ta fara rubutawa. Ta tayar da manhajar kiɗan, ta karkato sautin daga sifikar da ke Malikanchi zuwa wayarta, ta ƙure ƙara. Sannan ta kira Tanko da wayar Salman ta sa a amsa-kuwwa.

"Kai wayar kunnenta. Hafiza ta riƙe cokali."

Ta haɗa bakin wayoyin biyu, ta danna.

Shuuu na tsohon kaset ya fara fitowa, zakara ya yi cara a wata safiya da ta wuce tun kafin a haife ta, wata mata ta yi dariya. Sai taɓare suka sauka, dim, dim, dim. Sai murya, siririya, mai kaifi, ta Inna tana yarinyar da ba ta san ciwo ba.

"Turmi na kira, wa ke gida?"

Mata suka amsa, "Ga mu nan, ga mu nan, iye!"

Salman ya yi wa masu guduma alama, fili ya yi tsit sai ƙugin janareta. Mukarrama ta kasa kunne a ɗaya wayar. Ba komai sai numfashin Tanko. Waƙar ta zagayo, ta sake zagayowa. Can ƙasa-ƙasa, a shaƙe, kamar daga cikin rijiya, wata tsohuwar murya ta biyo matan.

"Ga mu... nan."

"Ta amsa!" Tanko ya ce. "Yaya, wallahi ta amsa! Hafiza, kawo, kawo!"

Hawaye suka zubo wa Mukarrama, ba ta da hannun share su.

Ƙas. Ƙas. Ƙas.

Muryar yarinyar ta tsaya a tsakiyar kalma. Taɓare suka ɗauke. Baƙin allon ya cika da rubutu yana gudu, layi na bin layi, duk abu ɗaya suke faɗa: ba a iya karantawa. Ta rubuta umarni, shiru. Ta kashe akwatin ta kunna, fanka ta juya, wuta ta kawo, sunansa bai ƙara bayyana ba.

"Yaya? Ya tsaya. Yaya, ta rufe baki, ko cokali ɗaya ba a kai ga ba ta ba. Ki mayar!"

"Babu," ta ce. "Ya tafi."

Ta ji hayaniya a wayar, ta ji muryar Sista Diana na cewa a kawo zane a naɗe ta, a kama ta a hankali. Sai ta ji Hafiza, baiwar Allah, cikin kuka tana rera wa tsohuwar, "Ga mu nan, ga mu nan, iye," tana maimaitawa, ba mai taya ta.

Haushi ya turnuƙe Mukarrama. Amshin ai na Inna ne, shi kaɗai ya rage mata. Ta yaya mutum zai amsa ba a kira shi ba?

"Tanko, ce wa Hafiza ta yi shiru. Mayar da wayar kunnen Inna."

Ta ɗago kai. Maza ne zagaye da ita, sun fi goma, ba riguna, gumi na tsiyaya, duk idonsu a kanta. Ita matar aure ce, uwar 'ya'ya, malamar da ɗalibai ke rusunawa in ta wuce. Ko a taron biki cikin mata ba a taɓa jin ta ɗaga murya da waƙa ba, muryar ma ba ta da ita. Kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Ta ajiye wayarta a kan ganga. Ta ɗaga hannun da langa-langa ya yanka ta buga gefen akwatin, dim. Ta sake, dim, dim.

"Turmi na kira, wa ke gida?"

Muryar ta fito a karkace, ta fashe a ƙarshe. Wani ya tuntsire da dariya, Salman ya daka masa tsawa. Wani kuma daga kan mota ya zaro wayarsa ya saita ta. Ta gan shi sarai, ta kuma san kafin gobe 'yan ajinta sun gani.

A wayar, shiru.

Ta ƙara ƙarfin bugun, ta buɗe maƙogwaro yadda ba ta taɓa yi ba.

"Turmi na kira, wa ke gida?"

Shiru. Sannan numfashi mai nauyi, sannan:

"Ga mu nan... ga mu nan... iye."

"Dawa ta nuna, wa zai tashi?"

"Ga mu nan, ga mu nan, iye."

"Ta karɓa," Tanko ya raɗa. "Ta haɗiye, Yaya. Sista ta ce a ci gaba. Don Allah kada ki tsaya."

Baiti biyun nan su kaɗai ta riƙe, su ma don ta yi ta maimaita farkon kaset ɗin ne ranar da take rage masa shuuu. Na uku ba ya kanta. Ba ya cikin akwatin kuma, ba ya ko'ina sai cikin bakin da ba zai iya faɗa mata shi ba.

"Kunun da saura?" ta tambaya, hannunta bai daina bugu ba.

"Kofi cike yake."

Ta gyara tsayuwa, ta ja numfashi, ta koma na farko.